Babi na Shida: Tun Ran Gini, Ran Zane

Titin Zhanxi, wanda sunansa a Sinanci yake nufin titin da ke yamma da tasha, yana daura da babbar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou da aka buɗe a 1974, kuma ya yi suna a wurin 'yan kasuwar Afirka, har da fataken Kano da Maraɗi, saboda kasuwannin sarin agogo da takalma da ke jere a kansa. Cinikin wannan titi ya ginu a kan sanin bambancin zahiri da baɗini, domin agogo biyu suna iya zama iri ɗaya a fuska da maɗauri da nauyi, alhali injin ɗaya ya ninka na ɗayan daraja sau da yawa, kuma babu yadda za a gane sai an kwance murfin baya an duba. Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa ba ya wadatuwa da samfurin da aka nuna masa a kanti. Yakan je sito ya tsaya ana zuba kaya a kwali, ya nuna kwalin da ya ga dama ya ce a buɗe, ya halarci lodin kwantena, sannan ya rubuta lambar hatimin da aka rufe ƙofarta da shi, domin a gwada ta ranar da kaya suka sauka a Apapa ko Kwatano. Waɗannan matakai huɗu, wato duba ciki, da zaɓen ba-zata, da tsayawa a kan aiki, da sanin duk hannun da kaya suka bi, su ne tushen ilimin tsaron gine-ginen sirri na gwamnati, sai dai gini ya fi agogo wuyar sha'ani ta fuska guda, domin idan kankare ya daskare babu murfin da za a kwance.

Abin da ake nufi da ginin sirri shi ne duk ginin da za a riƙa ajiye ko tattauna bayanan da doka ta hana fitarwa a cikinsa, kamar ofishin jakadanci, da hedikwatar hukumar leƙen asiri, da ɗakin sadarwar soja, da fadar shugaban ƙasa. Idan irin wannan gini ya kammala, masu shigarsa kaɗan ne kuma sanannu, amma a shekarun da ake aikinsa ɗaruruwan birkiloli da kafintoci da masu walda da masu wayarin da leburori ne ke kai da komo a cikinsa kullum, bangayensa a buɗe, bututunsa a waje, motocin yashi da siminti suna shiga suna fita. Wannan ne lokacin da ya fi rauni a duk rayuwarsa, kuma abin da aka binne masa a lokacin yana iya zama tare da shi har ranar da za a rushe shi.

Darasin Mosko

Da yawa daga ƙa'idojin da ake bi a yau a wannan fage sun samo asali ne daga abin da ya sami Amurka a birnin Mosko. A 1969 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka amince su yi musayar filayen gina sababbin ofisoshin jakadanci, a 1972 kuma suka sa hannu a kan sharuɗɗan aikin, waɗanda suka ba ma'aikatan Sobiyet damar gina ƙashin ginin Amurka, suka kuma yarda a zuba ginshiƙai da gadojin kankare a masana'antun Sobiyet, a kawo su wurin aiki a shirye. Aka fara gini a 1979. Jami'an Amurka suna iya ganin abin da ake yi a filin aiki, amma ba su ga abin da aka yi a masana'anta ba, kuma sun yi zaton duk abin da aka dasa za su gano shi daga baya da na'urorinsu.

Zaton bai tabbata ba. Da aka tsananta bincike sai aka tarar an saka na'urorin sauraro a cikin ginshiƙan kansu, an tsara wasu rodi ta yadda za su yi aikin eriya, an kuma cuɗa ƙananan tarkacen lantarki a cikin kankare domin su rikita na'urorin bincike, su riƙa nuna alama a ko'ina har a kasa rarrabe na gaske da na bogi. A watan Agusta na 1985 aka dakatar da aiki aka sallami ma'aikatan Sobiyet, ginin mai hawa takwas ya zauna kango shekara da shekaru ana muhawara a majalisar Amurka ko a rushe shi ko a gyara. A watan Disamba na 1991, a kwanakin ƙarshe na Tarayyar Sobiyet, shugaban ƙarshe na hukumar leƙen asiri ta KGB, Vadim Bakatin, ya miƙa wa jakadan Amurka, Robert Strauss, taswirar wuraren da aka dasa na'urorin, amma ko wannan bai warware matsalar ba, domin babu mai iya rantsuwa cewa taswirar cikakkiya ce. Daga bisani aka cire hawa biyu na sama, aka ɗora sababbi huɗu da hannun Amurkawa da kayan da aka kawo daga Amurka, aka shiga ginin a 2000, fiye da shekara 20 bayan aza harsashinsa.

Wannan wasa kowa yana buga shi. A 2001 ta fito fili cewa Amurka ta haƙa rami a ƙarƙashin sabon ofishin jakadancin Sobiyet da ke Washington, a 1995 kuma kafofin labaran Ostireliya suka ba da rahoton cewa an dasa na'urorin sauraro a ofishin jakadancin Sin da ke Canberra tun ana gininsa. Darasin da kowace ƙasa ta ɗauka shi ne cewa bincike bayan kammalawa ba ya maye gurbin sa ido lokacin aiki, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1980 dokar Amurka ta wajabta wa sakataren harkokin waje ya tabbatar wa majalisa cewa an tanadi matakan tsaro kafin a fara duk wani gini a ƙetare da za a ajiye sirri a cikinsa.

Tasha bakwai daga titin Zhanxi

Wanda ya hau layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa daga tashar Guangzhou, ya wuce Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi yawa, zai sauka a tasha ta bakwai a unguwar Zhujiang New Town, inda ƙaramin ofishin jakadancin Amurka yake a titin Huajiu. An aza harsashinsa a watan Oktoba na 2009, aka fara aiki a cikinsa a 2013, kamfanin SOM ne ya zana shi, kuma 'yan kwangila biyu suka gina shi, B.L. Harbert na Amurka da China Huashi na Sin. Raba aiki irin wannan ya dace da tsarin da aka bi a babban ofishin jakadancin Amurka na Beijing, wanda aka buɗe ranar 8 ga Agusta, 2008, inda ma'aikatan Sin suka gina sassan da jama'a ke shiga, amma sashen sirri Amurkawan da aka tantance ne kaɗai suka taɓa shi, da kayan da aka yi jigilarsu daga Amurka. Sin ma ta yi haka a Washington, domin ɗaruruwan ma'aikata ta kwaso daga gida suka gina mata nata sabon ofishin. Ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniya a kan sharuɗɗan gini tun kafin a sara ƙasa, kuma ruhinta shi ne ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, wato duk damar da ɗaya ta samu a birnin ɗayar, sai ta bayar da irinta a nata birnin.

Tsarin rarraba wuri a irin wannan aiki ba baƙo ba ne ga wanda ya san gidan Bahaushe. Baƙo yana tsayawa a zaure, aminin gida yana iya kaiwa shigifa, tsakar gida ta iyali ce da muharramai, turaka kuwa sai wanda maigida ya kira, kuma rubutun "ba shiga" da ake yi a ƙofa yana nuna inda iyakar kowa take. Haka ake yanka filin ginin sirri gida-gida. Da'ira ta waje ita ce shingen kwano ko katanga mai fitilu da kyamarori, wadda ake barin fili tsakaninta da ginin. Tun bayan harin bama-bamai da aka kai wa ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam ranar 7 ga Agusta, 1998, dokar Amurka ta 1999 ta nemi tazarar ƙafa 100, kimanin mita 30, tsakanin sabon ofishi da iyakar filin da yake kai. Da'ira ta biyu ita ce babban filin aiki, inda ma'aikatan gari da aka binciki tarihinsu suke aiki. Ta uku ita ce sassan da ke maƙwabtaka da ɗakunan sirri, inda ba a barin ma'aikacin gari sai da mai sa ido a kansa. Ta huɗu ita ce turakar ginin, wadda ba ya shigarta ko da share ƙasa sai ɗan ƙasa mai takardar izinin sanin sirri, wadda ba a bayarwa sai bayan dogon bincike a kan tarihin mutum da basussukansa da hulɗarsa da ƙasashen waje.

Amfanin wannan tsari yana bayyana ne a ƙofa da sassafe. A irin waɗannan wurare ƙofar ma'aikata guda ce, kuma ma'aikaci yana isowa ya miƙa katin shaidarsa na hukuma, a duba fuskarsa a gwada da hoton da ke rajista, a karɓe katin a ba shi na wurin aiki, mai launin da ke nuna da'irar da aka yarda ya taka. Zai ajiye wayarsa a akwati mai makulli, ya wuce ta ƙofar gano ƙarfe, jakar kayan aikinsa da kwanon abincinsa su bi ta na'urar haska kaya. Da yamma sai a juya tsarin, ya mayar da katin aiki ya karɓi nasa, kuma duk katin shaidar da ya rage a kan allo bayan an tashi yana nufin akwai mutumin da bai fito ba, ba kuwa za a kulle ƙofa ba sai an nemo shi. Hikimar musayar kati ita ce katin wurin aiki ba ya kwana a waje, balle a kai shi inda za a buga jabunsa, kuma duk wanda ya san yadda ake kwaikwayon tambarin agogo a kasuwa ya san cewa kati mai hoto ba zai gagari masu wannan sana'a ba.

Mai gadin ƙofa da mai gadin bango

Ana bambanta ma'aikatan tsaro iri biyu a wurin gini. Na farko masu gadi ne, waɗanda ke kula da ƙofofi da shinge da sito dare da rana, musamman bayan an tashi daga aiki, lokacin da gini yake wayam. Na biyu masu sa ido a kan aiki ne, kuma su galibi tsofaffin magina ne ko masu wayarin ko masu aikin famfo, domin wanda bai san sana'a ba ba zai gane lokacin da aka kauce mata ba. Mai sa ido yana riƙe da zanen gini, ya san rodi nawa ya kamata a ɗaure a ginshiƙi da kaurin kowane, ya san inda bututun waya ya kamata ya bi da inda ya kamata ya tsaya. Kafin a zuba kankare yakan leƙa cikin katakon da aka kafa da tocila, ya ƙirga, ya ɗauki hoto, ya sa hannu, sannan ya tsaya har a gama zubi, domin minti kaɗan na juya baya sun isa a jefa abin da bai wuce ƙwayar dabino ba. Bututu guda da ba ya cikin zane, ko da babu komai a cikinsa, ana ɗaukarsa babban lamari, saboda hanya ce da za a iya zura waya ta cikinta bayan shekaru, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kayan gini ma ana kasa su gida biyu. Akwai waɗanda ake iya bincikawa, kamar yashi da tsakuwa da farantin ƙarfe, waɗanda ido ko na'ura za su iya tabbatar da cewa babu komai a cikinsu, kuma ana iya sayensu a gari. Akwai kuma waɗanda ba a iya bincikawa ba tare da an lalata su ba, kamar na'urar sanyaya ɗaki da akwatin rarraba wuta da ƙofofi masu ƙumshi a ciki. Irin waɗannan ko dai a saye su a gida ba tare da mai sayarwa ya san inda za su ba, ko a shiga babban sito ba sanarwa a zaɓi wasu daga cikin ɗaruruwa a tafi da su nan take, domin ba zai yiwu abokin gaba ya dasa na'ura a kowace fanka da ke kasuwa ba. Daga nan sai a rufe su a kwantena da hatimi mai lamba, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya karɓa ya miƙa, har su isa siton da aka keɓe a wurin aiki. Mafi hatsari daga cikinsu sukan tafi a matsayin jakar diflomasiyya, wadda yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta hana buɗewa ko tsarewa, da sharaɗin tana ɗauke da alamar da ke nuna matsayinta. 'Yan Najeriya sun san nauyin wannan sharaɗi, domin rashin cika shi ne ya ba jami'an kwastan na filin jirgin Stansted damar buɗe akwatin da aka saka Umaru Dikko a watan Yuli na 1984.

Yadda Sin ke tsare nata

Dokar kare sirrin ƙasa ta Sin, wadda aka kafa a 1988 aka yi wa gyara a 2010 da 2024, ta kasa sirri mataki uku, ta kuma sa wa kowane wa'adin da bai wuce shekara 10 ko 20 ko 30 ba gwargwadon nauyinsa, sai in an yi tanadi na musamman. Kamfanin da zai taɓa aikin sirri sai hukuma ta tantance shi, kuma dokar bayar da kwangila ta ƙasar ta yarda a tsallake gasar neman kwangila a ayyukan da suka shafi tsaro da sirrin ƙasa. A da, hanyar Sin ita ce ɓoye aikin ɗungurungum, kamar yadda aka yi da aikin 816 a Fuling, wata masana'antar nukiliya da aka fara haƙawa a cikin dutse a shekarun 1960, aka dakatar a 1984, ba a kuma cire mata rigar sirri ba sai 2002. Wannan hanya ta yi rauni a zamanin da hoton tauraron ɗan'adam yake a wayar kowa, har ma a 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa siffar sansanonin soja daga sawun sojojin da ke gudun safe da agogon zamani a hannu.

Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne sanin wanda ya shiga. Tun daga watan Maris na 2019 Sin ta wajabta rajistar ma'aikatan gini da sunansu na gaskiya, kuma a manyan wuraren aiki na birane irin su Guangzhou ƙofar shiga takan kasance mai na'urar gane fuska. Babban dalilin wannan tsari shi ne hana 'yan kwangila danne albashin leburorin da suka zo daga ƙauye, domin rajistar shiga da fita hujja ce ta kwanakin aiki, amma ya zo da amfanin tsaro, kuma haɗuwar biyun ba banza ba ce. Leburan da aka riƙe wa haƙƙinsa wata uku shi ne wanda ya fi sauƙin saye, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Gine-ginen kyauta

Ga Afirka, batun ya ɗauki wata siffa, domin da yawa daga manyan gine-ginen gwamnati wasu ne ke ginawa, wani lokaci ma su ke biya. Hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa, wadda aka buɗe a watan Janairu na 2012, kyauta ce daga Sin ta kimanin dala miliyan 200. A watan Janairu na 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ba da rahoton cewa an shafe shekaru ana kwashe bayanai daga kwamfutocin ginin zuwa Shanghai tsakanin sha biyun dare da ƙarfe biyu. Sin ta ƙaryata, shugaban hukumar Tarayyar na lokacin, Musa Faki Mahamat, shi ma ya ƙaryata. Ko ma wane ne mai gaskiya, muhawarar ta nuna inda gizo ke saƙar, domin mai gidan da bai tsaya a kan ginin gidansa ba ba shi da hujjar da zai tabbatar da zargi ko ya kore shi. Tambayar ta shafi Abuja kai tsaye, inda aka aza harsashin sabuwar hedikwatar ECOWAS a watan Disamba na 2022 da tallafin Sin na kimanin dala miliyan 31.6, kuma ta shafi kowane gini da wani kamfanin waje ya yi, na Turai ne ko na Asiya.

Najeriya tana da dokar sirrin gwamnati ta 1962, wadda ta hana shiga ko ɗaukar hoto ko zana wuraren tsaro ba da izini ba, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 kuma ta keɓe sayayyar tsaro daga hukuncinta sai da amincewar shugaban ƙasa. Doka ta farko tana tsare katanga, ta biyu tana rufe littafin kuɗi, kuma a nan akwai hatsari, domin mayafin da aka yi don ɓoye zanen gini yana iya ɓoye kuɗin da aka ninka da rodin da aka rage, alhali ɗan kwangilar da ya saba rage kaya a ɓoye ya riga ya koya wa ma'aikatansa cewa zane ba abin bi ba ne. Abin da ya kamata a ɓoye wa jama'a shi ne inda waya ta bi da kaurin bango. Adadin kuɗi kuwa dole wata hukuma mai izini ta gan shi.

Ƙasar da ba ta da arzikin kwaso leburori dubu daga gida zuwa wata nahiya tana iya yin abin da ya fi araha, wato ta yanke tun a kan takarda ɗakunan da suka zama turaka, ta bar wa ɗan kwangilar waje zaure da tsakar gida, ta horar da 'yan magina da masu wayarin nata ta tantance su, ta biya su a kan lokaci, ta kuma sayi kwamfutoci da wayoyin sadarwar ginin da kuɗinta ko da sauran ginin kyauta ne. Duk waɗannan shawarwari ne da ake yankewa kafin tipar farko ta juye yashi, kamar yadda magina na gargajiya a Kano da Zariya suke zana adon bango tun yaɓe yana ɗanye, domin sun san washegari ƙasa ba za ta karɓi yatsa ba.